Ku Tambayi Injiniya: Rediyon dijital, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu guda, wato rediyon dijital da kuɗin da yake ci, toh sai na ga gara in haɗa su waje ɗaya. Na zaɓi guda biyar, na ɗan taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba bana sa sunan kowa.

TAMBAYA: Malam Injiniya, ni manaja ne a wata tashar FM mai zaman kanta. Wani dillalin kayan aiki ya zo ya yi wa mai tashar bayanin DAB+, wani tsarin watsa rediyon dijital, ya ce in mun koma kuɗin wuta zai ragu sosai, murya za ta riƙa fita tas, kuma wai FM ta kusa mutuwa a duniya, duk wanda bai shiga yanzu ba an bar shi a baya. Yanzu an ce in kawo lissafi. Don Allah meye gaskiyar lamarin?

AMSA: Yallaɓai manaja, na gode da ka tambaya kafin a fitar da kuɗi, don da yawa sai bayan kaya sun iso ake tambayarmu. Dillalin nan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, amma rabin labarin ya ba ka, kuma rabin da ya ɓoye shi ne mai tsadar.

Bari in fara da yadda abun yake aiki don a nan lissafin yake. A FM kowace tasha da transmitarta da eriyarta da mitarta, a tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108. A DAB+ kuwa transmita ɗaya ce take ɗaukar tashoshi da yawa a ɗaure waje guda kamar dami, injiniyoyi suna ce masa maltifileks, ni dai zan riƙa cewa dami. Damin nan yana da gurbi 864, in kowace tasha ta ɗauki kilobit 64 na murya a daƙiƙa a irin kariyar sigina da aka fi amfani da ita za ta ci gurbi 48, ka raba za ka ga tashoshi 18 kenan a transmita ɗaya. In an matse murya zuwa kilobit 48 sai su kai 24. Toh ka ga inda arahar take fitowa: wuta ɗaya, hasumiya ɗaya, ɗakin sanyi ɗaya, mai gadi ɗaya, amma mutum 18 ke biya. Ita transmitar DAB ɗin a karan kanta ba ta fi ta FM tattalin wuta ba, hasali ma ta FM ta zamani ta fi ta iya juya wutar da ta sha zuwa sigina, rabon da ake yi ne yake sa ta yi sauƙi.

Shi ya sa maganar wai tasharku ita kaɗai ta sayi DAB+ ba ta taso ba. Kamar mutum ne ya ɗauki shatar babbar bas ya zauna shi kaɗai a ciki. Kuma ko an haɗu, in tashoshi biyar ne kawai suka shiga damin da aka gina don 18, kowa zai biya ninki uku da rabi da ɗoriya na abun da aka yi masa alkawari a takarda, wannan lissafin dillali ba zai taɓa kawo maka shi ba, kullum da cikakken dami yake yin nasa. A yawancin ƙasashe ma lasisin dami daban yake da lasisin tasha, wani kamfani ko hukuma ke riƙe da shi ku kuma ku kama haya, don haka kafin komai ka bincika ko hukumar da ke ba ku lasisi ta ma fitar da ƙa'ida a kan haka. Sannan DAB+ a zangon megahaz 174 zuwa 240 yake zaune, wanda a ƙasashe da dama tsohuwar talabijin ce a wajen, in ba ta tashi ba babu fili.

Yanzu babbar maganar. Ragin kuɗin wutar da aka faɗa maka ba zai zo ba sai ranar da kuka kashe FM, kuma ba za ku iya kashe FM ba sai masu sauraronku sun mallaki akwatin da ke kama DAB+, don rediyon da ke hannunsu yanzu ko an kwana ana murɗa shi ba zai kama ba. Tsakanin yau da wannan ranar biyu za ku riƙa biya, kuɗin FM yana nan daram ga kuma hayar dami a kai, kuma wannan tsakanin ba wata shida ba ne ba shekara biyu ba ne. Dubi Norwe, ita ce ƙasar da ake kafa hujja da ita kullum. Sun fara DAB a 1995, ba su kashe FM na tashoshin ƙasa ba sai 2017, sun fara a watan Janairu daga yankin Nordland suka gama a Disamba, shekara 22 kenan suna ɗauke da kaya biyu. Kuma su suna da dalili mai ƙarfi, ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da mutane ƙalilan a warwatse, sai an dasa transmitoci barkatai kafin FM ta kai ko'ina, gwamnatinsu ta ce watsa tashoshin ƙasa ta FM ya ninka na DAB sau takwas a tsada, kuma za a tsira da sama da kurona miliyan 200 a shekara, sannan tashoshin ƙasa biyar kawai FM ke ɗauka alhali DAB yana ɗauke da 22. Duk da haka lokacin da za a kashe mutane da yawa ba su so ba, motoci wajen miliyan biyu ba su da abun kamawa, kuma ƙananan tashoshin gari an bar su a FM ɗinsu. Suwizalan ma gidan rediyon ƙasa ya kashe FM a ƙarshen 2024. Ka ga ƙasashe ne masu hali ƙwarai, inda sayen sabon akwati ba ya hana kowa barci.

Ga kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Finlan ta rufe DAB a 2005. Singafo ta rufe a 2011. Hong Kong ta rufe a 2017, shekarar da Norwe ke bikin nata. A Ayalan gidan rediyon ƙasa RTÉ ya kashe nasa a ƙarshen Maris 2021 saboda masu saurare ta nan ba su taka kara sun karya ba ga kuma kuɗi yana zuba. Suwidin da ke maƙwabtaka da Norwe ta duba a 2015 ta ce ba za ta kashe FM ba. Ita kanta Birtaniya da BBC ta fara DAB tun Satumban 1995, kuma yau DAB ya kafu sosai a can, a 2008 babban kamfanin rediyon kasuwa na lokacin, GCap, ya fito ya ce abun ba ya biya ya janye daga wasu tashoshinsa na dijital, Channel 4 ma ta fasa shirinta na buɗe sabon dami a shekarar. A 2021 da gwamnatin Birtaniya ta sa aka sake nazari sai aka ce ba za a tilasta kashe FM ba kafin 2030. Toh wanda ya ce maka FM ta kusa mutuwa ka tambaye shi a wace ƙasa.

Abun da ya tallafi DAB+ a Turai doka ce: tun 21 ga Disamba 2020 duk sabuwar motar da za a sayar da rediyo a cikinta a Tarayyar Turai dole ta iya kama dijital. Wato akwatin yana shiga hannun mutane ba tare da sun fita nema ba. Inda babu irin wannan, wa zai sa akwatin a hannun jama'a? Gana ta fara gwaji a 2023 da tashoshi 18 a Akara da Kumasi ƙarƙashin hukumar sadarwarsu, kuma ni a ganina haka ya dace a fara, hukuma ta ɗauki nauyin gwaji a ga kamun ludayin abun, ba wata tasha ɗaya ta ci bashi ba.

Akwai abun da na gani da idona da har yau yake damuna. Wata tasha da na taɓa yi wa aiki an sayo mata transmita har da ƙarin na'urar dijital, an biya kuɗi masu yawa a kan ƙarin nan don an ce musu gobe-gobe za a koma. Bayan shekaru na shiga sito neman wata waya sai na ga na'urar a kan kanta, tana cikin ledarta ta asali, ƙura ta yi mata lulluɓi har sai da na share da hannu kafin in karanta lambarta, ƴar jakar nan mai tsotse danshi tana manne a gefe ba a ko cire ta ba. A wannan watan kuma ma'aikatan labarai suna bin albashin wata biyu, kuma na'urar sanyaya ɗakin transmita ɗaya ce ke aiki, ɗakin ya yi zafi fankokin cikin transmitar suna ta kuka kamar za su tashi sama. Raina ya ɓaci matuƙa, domin kuɗin wannan na'urar da ya gyara duka biyun.

Don haka lissafin da zan ce ka kai wa mai tasha shi ne, na farko mutum nawa ne cikin masu sauraronku suke da akwatin DAB+ yau, ku fita ku tambaya da ƙafarku kada ku karɓi ƙiyasin mai sayarwa. Sai hayar dami a shekara in rabinsa ne kawai ya cika, da kuɗin layin da zai kai murya daga situdiyo zuwa cibiyar dami wanda bai kamata ya yanke ko na minti ɗaya ba, da na'urar matse murya, da horar da injiniya, duka ka ninka da shekara goma aƙalla ba tare da ka cire ko sisi daga kuɗin FM ba. In ya ga jimlar ya ce zai iya, bismillah. In kuma kuɗin wuta ne ainihin ciwon, akwai magani mafi kusa. Transmita mai kilowat 10 ta zamani tana jan wajen kilowat 14 daga layi, in tana aiki dare da rana kusan yunit 340 kenan a rana, sama da 120,000 a shekara, tsohuwa mai bawul kuwa tana shan fiye da haka nesa ba kusa ba, ga zafin da take fitarwa wanda shi ma sai an biya kuɗin sanyaya shi. Canza tsohuwa da sabuwa, gyara eriya da wayar da ke hawa hasumiya, rage ƙarfi da tsakar dare in lasisinku ya yarda, ko ku haɗa hasumiya da wata tasha, waɗannan a watan farko za ka ga bambanci a takardar biya. Sunan tasha ya fito a fuskar rediyon mota kuma, RDS yana yin wannan a FM da ƴar ƙaramar na'ura.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a fannin aikin jarida. Tashar da nake koyon aiki komai da kwamfuta ake yi, kuma ana jin mu a intanet. Ashe mu ba mun riga mun zama dijital ba?

AMSA: Ƙanena, abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Situdiyo mai aiki da kwamfuta daban, watsawa ta intanet daban, watsa dijital ta iska daga hasumiya kuma daban, shi ne su DAB+ da DRM da HD Radio. Ku kuna da biyun farko.

Amma tunda ka taɓo intanet bari in nuna maka wani lissafi da zai yi maka amfani a aikinka. Murya mai kilobit 64 a daƙiƙa tana cin wajen megabait 29 a awa ga mutum ɗaya. Mutum 10,000 in suka buɗe lokaci guda megabit 640 kenan a kowace daƙiƙa ke fita daga sabar tasha, gigabait 288 a awa, kuma tasha tana biya shi ma mai saurare yana biyan datarsa. Hasumiya kuwa ko mutum goma ke ji ko miliyan goma kuɗinta ɗaya ne, mai saurare kuma batir kawai ya saya. Shi ya sa intanet yake da arha ƙwarai ga ƙaramar tasha da kuma kaiwa ga waɗanda ke nesa da gida, amma duk yadda kuka ƙara farin jini haka kuɗin ke ƙaruwa, kuma ranar da wani babban abu ya faru kowa ya ruga waya lokaci guda ranar ce layi yake cushewa. Ku riƙe duka biyun, kowanne da ranarsa.

TAMBAYA: Ina shugabantar wata ƙaramar tashar al'umma, yawancinmu ƴan sa-kai ne, transmitarmu ƴar ƙarama ce. Tsorona shi ne in manya suka koma dijital mu za a bar mu a baya ko a ce mu rufe. Akwai hanyar da irinmu za su shiga?

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki, kuma tsoronki yana kan hanya, don tsarin DAB tun asali da manya aka auna shi. An gina shi ne don a rufe yanki mai faɗi da transmitoci da yawa duk a mita ɗaya, suna tafiya tare daidai-wa-daida da agogon GPS, wannan abu ne mai kyau ga tashar ƙasa amma ke da kike son gari ɗaya da ƙauyukan kewaye sai ki tarar ana ce miki ki biya hayar isa garuruwan da ba ki da ko mai sauraro ɗaya a ciki. Ga shi kuma kin rasa ikon da kike da shi a kan transmitarki, yau in ta lalace ke da injiniyanki ne za ku tashi tsaye, gobe in dami ya faɗi sai dai ki buga waya ki jira, in mai dami ya ƙara haya kuma ba ki da wata ƙofar. Wannan batun iko ba a sa shi a lissafin kuɗi amma ni ina ganin ya kai kuɗi muhimmanci.

Akwai dai hanya kuma ina sonta sosai. A Birtaniya wani injiniyan hukumar kula da sadarwa ta Ofcom mai suna Rashid Mustapha ya gwada a garin Brighton wajen 2012 ya nuna za a iya haɗa ƙaramin dami da kwamfuta ta yau da kullum da manhaja ta kyauta da ƙaramar transmita, ba sai an sayi kayan manyan kamfanoni ba. A 2015 hukumar ta ba da izinin gwaji a wurare goma, daga baya aka mai da shi lasisi na dindindin, yanzu garuruwa da dama suna da ƙaramin daminsu inda tashoshin al'umma ke zaune tare da ƙananan ƴan kasuwa suna raba kuɗi. Kinga kenan ta fuskar kayan aiki abun ya sauko ƙasa sosai. Sai dai ki lura da dalilin da ya sa ya yi aiki a can: akwatunan sun riga sun cika gidaje da motoci, kuma FM ta cushe a manyan birane babu mitar da za a ba sabuwar tasha, don haka wanda ba shi da wata hanya ya samu ƙofa. In a wajenku FM tana da fili kuma mutane ba su da akwatin, ko kyauta aka ba ki dami iska kawai za ki yi wa magana.

Ki tuna da wa ke sauraronki. Mai ƙaramin rediyon hannu da batir biyu da ke yi masa makonni, da mai ƙaramar waya da ke kama FM in ya sa abun kunne. Akwatin dijital ya fi tsada kuma ya fi shan batir don akwai ƴar kwamfuta a ciki da ke warware sigina, wayar hannu kuwa mai DAB+ kusan guda ɗaya aka taɓa yi da ta shiga kasuwa sosai, LG Stylus 2 a 2016, ba a kuma ci gaba ba. Sannan akwai halin dijital a bakin iyaka, wannan na gwada da kaina, na riƙe akwati ina tafiya daga bakin titi murya garau kamar mai maganar yana gefena, na shiga wani gini na sauka matakala biyar sai ta fara tsinkewa, taku biyu a gaba sai tsit, fuskar akwatin tana nuna sunan tasha amma babu ko ƙis. FM a wannan wajen da shuuu za ta riƙa yi amma za ki ji labarai. Mutanen da ke can ƙarshen inda siginarki ke kaiwa, waɗanda galibi su suka fi buƙatarki, su za su fara rasa ki.

Shawarata kada ki kashe ko kwabo yanzu. Abun da za ki kashe shi ne lokaci: ku haɗa kai da sauran ƙananan tashoshi, duk ranar da hukuma ta kira zaman jin ra'ayi a kan dijital ku je da takarda a rubuce, ku nemi a ware wa tashoshin al'umma gurbi a dami da haya mai sauƙi, a yarda da ƙananan damuna na gari, kuma a bar ku a FM ko da manya sun tashi kamar yadda aka yi a Norwe. Irin wannan ƙa'idar tun farko ake shigar da ita, in an riga an buga doka wuya take yi.

TAMBAYA: Ni injiniya ne a gidan rediyon gwamnati, muna da transmitar matsakaicin zango da ke cinye mana kusan duk kasafi a wuta da mai. Na ji ana maganar DRM. Zai fitar da mu?

AMSA: Abokin aiki, sannu da fama, na san wannan ciwon. A gaskiya in akwai inda dijital yake da hujja mai ƙarfi a wajena toh a nan ne. Ka fi ni sanin cewa a AM, tsarin da matsakaicin zango ke amfani da shi, mafi yawan wutar tana tafiya ne a kan siginar ɗauka, wato wadda ake ɗora murya a kanta, ba a kan muryar ba, ko mai gabatarwa ya yi shiru mitar wuta tana gudu. DRM ba shi da wannan asarar, shi ya sa masu tsarin suke cewa za a iya rufe yanki ɗaya da rabin wutar ko ƙasa da haka, ga murya da ta kusa ta FM a nisan ɗaruruwan kilomita, ga rubutu a fuskar akwati, ga hanyar gargaɗin gaggawa. An kafa ƙungiyar DRM a 1998 aka ƙaddamar da watsawa a Janiba a 2003, kuma ba ya buƙatar dami, a mitarka za ka zauna da hasumiyarka, tasha ɗaya tana iya yi ita kaɗai. In transmitarka ta zamani ce wataƙila ƙarin na'ura da gyaran eriya kawai take so, amma ka auna faɗin da eriyar ke iya ɗauka tukuna don nan ne mutane ke tuntuɓe. In tsohuwa ce mai bawul ta shekara talatin, maganar sabuwa ake yi.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, akwatin dai shi ne. Indiya ce ta fi kowa zuba kuɗi, All India Radio tana da transmitocin matsakaicin zango sama da 30 masu DRM, kuma miliyoyin motocin da aka ƙera a can sun fito da abun kamawa a ciki, amma akwatin gida mai arha har yanzu shi ne abun da ake ta nema, shi ya sa yawancin lokaci suna haɗa tsohon tsari da sabo ne tare, in kuwa kana haɗawa ragin wutar da kake nema bai zo ba. Wanda ya fi burge ni shi ne yadda RNZ Pacific ta Niyu Zilan ke yi, tana aika shiri da DRM a gajeren zango zuwa tsibiran Fasifik, tashoshin can su kama da akwati mai kyau guda ɗaya su sake watsawa a FM ko AM ɗinsu. Ka ga akwati kaɗan ake buƙata ba miliyoyi ba, mai saurare kuma bai canza komai ba. In kuna da ƙananan tashoshin FM a lunguna da kuke wahalar kai musu shiri, wannan dabara ce da za ka iya kai wa shugabanninka gobe.

Kafin nan kuma ka duba ko transmitarku tana da MDCL, wato tsarin da ke rage ƙarfin siginar ɗauka gwargwadon yadda murya ke hawa da sauka. Yawancin na zamani suna da shi, wani lokacin ma a kashe yake a cikin saiti ba wanda ya kunna, kuma yana rage wuta yadda za ka gani a mitar wuta ba tare da mai saurare ya sayi komai ba.

HD Radio kuwa, tunda na san za ka ji sunansa, tsarin Amurka ne da hukumar sadarwarsu FCC ta amince da shi a 2002, yana manna dijital a gefen mitar FM ko AM da kake kai, mallakar kamfani ne ana biyan kuɗin lasisi, kuma ƙarfinsa a Amurka da Meziko da Kanada yake inda motoci ke zuwa da shi. Ko a Amurkan tashoshin da suka ɗauka ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

TAMBAYA: Ina sashen talla. In mun shiga dijital za mu iya ƙara kuɗin talla tunda murya ta fi kyau?

AMSA: Ƴar'uwa, a'a, kada ki sa wannan a kasafinki. Mai talla kunnuwa yake saye, zai tambaye ki mutum nawa ke ji kuma su waye, ban taɓa ganin wanda ya ƙara kuɗi don murya ta fi tsabta ba. Mutumin da ya bar FM ɗinku ya koma jin ku a DAB+ mutum ɗaya ne dai, ba a samu ƙari ba. Kuma ki shirya wa wani abu, dami yana buɗe ƙofa ga sababbin tashoshi, garin da ke da tasha 15 zai iya wayar gari da 40, kuɗin tallan garin kuwa bai ƙaru ba, masu rabo ne suka ƙaru. Kyan muryar ma ba tabbas ba ne, in mai dami ya cusa tashoshi da yawa don haya ta yi sauƙi sai a matse kowa har FM mai kyau ta fi shi daɗin ji.

Inda ake samun sabon kuɗi shi ne in kun yi amfani da gurbin kun buɗe abun da ba ku da shi a da, tashar wasanni zalla ko ta yara ko ta wani harshe da ba ku ba shi isasshen lokaci, ko kun shiga garin da ba ku samu mitar FM ba. Manyan kamfanonin rediyo a Birtaniya da haka suka ci riba, suna ɗauko suna ɗaya su yi masa rassa da yawa daga gini ɗaya da ma'aikata kusan ɗaya. Amma kowace sabuwar tasha tana son shiri, shiri kuma yana son mutane da albashi, don haka ki zauna da shugaban shirye-shirye ku fitar da kuɗin awa ɗaya ta sabon shiri, ki ɗora hayar gurbi a kai, sannan ki ɗauki takardar ki je wajen manyan masu tallanku guda uku ki tambaye su ko za su sa hannu na shekara guda tun kafin a kunna.